Maganin mayar da sinadaran mace a lokacin ɗaukewar al'ada: in karɓa ko in haƙura?

Malamar Firamare, Mabera:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da 'yan'uwana mata, da ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu, ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya shafi lafiyata. Shekaruna 49, kuma tun bara al'adata ta rikice, ta yi jinkiri, ta zo da yawa, ta sake ɗaukewa, yanzu kuwa wata bakwai ke nan rabona da ita. Rashin zuwanta bai dame ni ba, domin na san shekaru sun kai. Abin da ya dame ni shi ne zafin da ke taso mini daga ƙirji ya hau wuya da fuska, zufa ta karyo, gabana ya riƙa faɗuwa, ko da a tsakiyar hunturu ne mutane na lulluɓe da bargo. Da dare sai in farka kayan barcina sun jiƙe, barci ya ƙi komawa har kiran asuba, in wayi gari ina yi wa yara faɗa a aji a kan abin da bai kai ya kawo ba. Akwai kuma bushewar gaba, wadda ta mayar mini da kwanciyar aure abin fargaba, kuma wannan ban iya furta shi ga kowa a gida ba.

Na ga likitar mata, ta auna ni, ta ce akwai maganin da ke mayar wa jiki sinadaran da ya rage samarwa, wanda suke kira HRT, ta ce in je in yi shawara in dawo. Da na gaya wa yayata sai ta ce kada in kuskura, domin ta ji cewa yana haddasa sankarar mama. Inna kuwa cewa ta yi su sun wuce wannan mataki ba su sha komai ba sai haƙuri. Wata abokiyar aikina ta ƙara da cewa wai daga fitsarin doki ake yin sa, abin da ya ƙara dagula mini lissafi.

Ina so in san gaskiyar maganar sankara, in kuma san matsayin sallata da azumina idan maganin ya dawo da jini, sannan in ji ko filastar maganin da ake mannawa a fata, wadda likita ta ambata, tana iya zama a jikin mutum a zafin Sakkwato. Ina da hawan jini kuma ina shan magani, awona yana daidai. Ba a taɓa yi mini aiki a mahaifa ba, kuma babu wadda ta yi sankarar mama a danginmu.

Ungozoma Mai Ritaya, Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Duk abin da kika lissafa sananne ne ga wadda ta yi aiki a sashen mata, kuma yawancin mata suna gamuwa da shi tsakanin shekara 45 da 55, lokacin da ma'ajiyar ƙwai ke rage samar da sinadarin istirojin. Ba a cewa al'ada ta ɗauke gaba ɗaya sai an cika wata 12 a jere ba a ga jini ba, saboda haka ke har yanzu kina kan gaɓar sauyin ne, kuma a wannan gaɓar ce alamomin suka fi tsananta ga mata da yawa.

Maganar Inna ina girmama ta, amma ban yarda cewa iyayenmu duka sun wuce lafiya ƙalau ba. Da yawansu shiru kawai suka yi. Na sha karɓar mata daga ƙauyukan Wamakko da Kware waɗanda aka daɗe ana yi musu hayaƙi a kan cewa iska ce ta taɓa su, saboda faɗuwar gaba da rashin barci, wasu kuma suna zuwa da yaƙinin cewa ciki ne ya kwanta musu, alhali al'ada ce ke bankwana. Akwai matan da jikinsu bai wahalar da su ba ko kaɗan, mai yiwuwa Inna na cikinsu, sai dai sauƙin da wata ta samu ba hujja ba ne a kan wadda ba ta samu ba.

Kafin a jingina komai ga ɗaukewar al'ada, ki tabbata likita ta duba abubuwan da ke kwaikwayon ta. Zufar dare tare da tarin da ya wuce mako biyu da rama alama ce ta tarin fuka, kuma yana nan a cikinmu. Bugun zuciya da rawar hannu da rama na iya fitowa daga halittar nan ta gindin wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo. A duba suga, a duba yawan jini, tunda kin ce al'adar ta riƙa zuwa da yawa.

Shawarata ita ce ki raba matsalarki gida biyu. Zafi da zufa da rashin barci gida ɗaya ne, su ne ke buƙatar maganin da ke zagaya jiki duka. Bushewar gaba gida ne daban, kuma tana da nata maganin mai sauƙi, wato istirojin ɗan kaɗan a cikin man shafawa ko ƙwayar da ake sa wa a gaba, wanda abin da ke shiga jini daga cikinsa bai taka kara ya karya ba. Yana mayar wa fatar wurin kauri da danshi, yana kuma rage yawan kamuwa da ciwon sanyin mafitsara. Zafin jiki yakan lafa da kansa bayan wasu shekaru, amma bushewa ba ta lafawa, ƙaruwa take yi. Ina roƙon ki kada ki nemi mafita a kayan matsi. Mu Sakkwatawa an san mu da kayan mata har a wasu jihohi, kuma ba tsimi ko gumba nake zargi ba, amma duk abin da ake cusawa domin ya tsuke wuri ƙara busar da shi yake yi, fatar da ta riga ta yi siriri sai ta tsage, ciwo ya ninku.

Likitar Mata, Gawon Nama:

Malama, sannu da haƙuri. Mama ungozoma ta share mini hanya, saboda haka zan tsaya a kan maganar sankara, domin tana da tushe, sai dai an ɗauke ta daga inda take an kai ta inda ba nata ba.

Tsoron ya samo asali ne daga wani babban bincike da aka yi a Amurka mai suna Women's Health Initiative. An sa mata fiye da 16,000 masu mahaifa a ɓangare ɗaya na binciken, rabi suna shan ƙwaya mai haɗe da istirojin da wani nau'in furojestin, wato sinadarin da ke aiki irin na furojestaron, ɗaya sinadarin mace, rabi suna shan ƙwayar da babu magani a cikinta. A watan Yulin 2002 aka dakatar da wannan ɓangare kafin wa'adinsa, labari ya cika duniya, mata miliyoyi suka watsar da maganinsu. Ga abin da alƙaluman suka nuna: a cikin kowace mata 10,000 da suka sha maganin na shekara guda, an sami ƙarin mata 8 masu sankarar mama, ƙarin 8 masu shanyewar ɓarin jiki, ƙarin 8 da gudan jini ya toshe musu huhu, da ƙarin 7 masu ciwon zuciya. A ɗaya hannun an sami ragin mata 5 masu karayar ƙugu da ragin 6 masu sankarar hanji. Haɗarin gaskiya ne, ba ƙage ba ne, amma ga kowace ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka, ƙarin mace ɗaya ce ko ƙasa da haka a cikin dubu a kowace shekara.

Abin da labarai ba su faɗa ba a lokacin shi ne shekarun matan. Daga 50 zuwa 79 aka ɗauko su, matsakaicin shekarunsu 63, kuma da yawansu sun haura shekara goma da ɗaukewar al'ada. Da aka sake nazarin sakamakon bisa shekaru sai aka ga cewa macen da ta fara maganin ba ta kai 60 ba, ko kuwa ba ta wuce shekara goma da ɗaukewar al'adarta ba, lissafinta daban yake, kuma a wurinta amfanin yakan rinjayi haɗarin idan alamomin suna damun ta. Wannan ne matsayin manyan ƙungiyoyin likitocin mata a yau. Ɗaya ɓangaren binciken, na matan da aka cire wa mahaifa suna shan istirojin kaɗai, an tsayar da shi a 2004 saboda shanyewar ɓarin jiki, amma sankarar mama ba ta ƙaru a cikinsu ba, bibiyar da aka ci gaba da yi ma ta nuna ta ragu.

Wata za ta ce to a sha istirojin kaɗai mana. Ba zai yiwu ga mai mahaifa ba. Istirojin yana kauraro shimfiɗar cikin mahaifa, kuma tun 1975 aka tabbatar cewa shan sa shi kaɗai yana ninka haɗarin sankarar mahaifa. Furojestaron ne ke kare wannan shimfiɗa, saboda haka ke, Malama, dole ne a haɗa miki biyun. Wannan ne babban dalilin da ya sa nake jin tsoron macen da za ta karɓi ragowar maganin ƙawarta ko ta sayo a kyamis ba tare da an duba ta ba, domin ƙawar tana iya zama wadda aka cire wa mahaifa.

Hanyar da maganin ke shiga jiki ita ma tana sauya haɗarin. Ƙwayar da aka haɗiya sai ta bi ta hanta, hanta kuma ta ƙara samar da abubuwan da ke daskarar da jini. Filasta da man shafawa suna shiga jini ta fata kai tsaye, shi ya sa haɗarin gudan jini ya yi ƙasa sosai da su. Ga mai hawan jini, ko mai ƙiba, ko mai ciwon kai na ɓari ɗaya, hanyar fata ake zaɓa. Hawan jinin da ke ƙarƙashin kulawa ba ya hana maganin, wanda aka bari ba kulawa ne ke hanawa har sai an daidaita shi.

Waɗanda ba a ba su wannan magani su ne wadda ta taɓa yin sankarar mama ko ta mahaifa, da wadda gudan jini ya taɓa toshe mata jijiyar ƙafa ko huhu, da wadda ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya, da mai ciwon hanta da ke kan ganiyarsa, da mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba. A wurinmu ina ƙara neman gwajin ciwon hanta nau'in B, domin mutane da yawa na ɗauke da shi ba su sani ba, ina kuma neman hoton mara, domin ƙarin mahaifa ya yi yawa a cikin matanmu kuma istirojin na iya ɗan ƙara masa girma. Mai sikila sai an yi shawara da likitan jini.

Tunda ba ki cika shekara da ganin jini na ƙarshe ba, tsarin da aka saba bayarwa shi ne istirojin kullum, furojestaron kuma kwana 12 zuwa 14 a kowane wata, kuma bayan an gama kwanakin furojestaron jini yakan zo. Wadda ta cika shekara ana ba ta biyun kullum, jini ya ɗauke bayan 'yan watannin farko. Akwai hanya ta uku, wato robar mahaifa mai ɗauke da sinadari, irin su Mirena, wadda ke kare shimfiɗar mahaifa har shekara biyar, kuma a wurin mata da yawa jinin yakan ragu ƙwarai ko ya tsaya. A makonnin farko kina iya jin nauyin mama, ko tashin zuciya, ko kumburin ciki, kuma galibi suna wucewa. Ana duba mace bayan wata uku, daga nan sau ɗaya a shekara. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya sarƙe ba zato, ko ƙirji ya riƙe, ko ido ya yi rawaya, a dakatar da magani a nufi asibiti a ranar.

Uwar Marayu, Gidan Igwai:

Likita, Allah ya saka da alheri, amma ki yi mini afuwa, akwai inda bayaninki bai gamsar da ni ba. Alƙaluman da kika kawo na matan Amurka ne, inda mace ke zuwa hoton mama a kai a kai. A Ingila hukuma ce da kanta ke aika wa mace takardar gayyata duk shekara uku tun daga shekara 50. Mu nan mace nawa ce ta taɓa yin wannan hoton? Ƙanwar mahaifiyata sai da mamanta ya fashe ya fara wari kafin aka kai ta asibiti, kuma ba ita kaɗai na sani ba. Ƙarin mace ɗaya a cikin dubu a wurin da ake gano ciwo yana ƙarami ba daidai yake da ƙarin mace ɗaya a wurin da ake gano shi bayan ya ci jiki ba. Sannan akwai kuɗi. Magani ne da ake saye wata bayan wata na tsawon shekaru, kuma malamar firamare mun san albashinta.

Ni shekaruna 54, na sha irin wahalar da Malama ke faɗa, kuma na zaɓi kada in sha saboda tarihin danginmu. Na koma sa tufafin auduga masu sauƙi, na rage yaji da shayi mai zafi da dare, ina tafiya da ƙafa bayan la'asar, na rage ƙiba. Ba zan ce zafin ya tafi ba, amma ya zama abin da nake iya ɗauka. Ban ce Malama ta bi sawuna ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma kada a nuna mata cewa hanya ɗaya ce.

Likitar Mata, Gawon Nama:

Hajiya, maganarki tana kan hanya, kuma na karɓe ta. Ni kaina ba na fara wa mace wannan magani sai na duba mamanta da hannu, na tura ta hoto, na kuma tabbata za ta iya dawowa bita. Wadda ke zaune a birnin Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Asibitin Ƙwararru da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha suke, tana da damar da mace a ƙauyen Isa ko Tangaza ba ta da ita, kuma wannan bambanci yana shiga cikin shawarar da nake bayarwa. Rage ƙibar da kika yi ma ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙiba bayan ɗaukewar al'ada ita kanta tana ƙara haɗarin sankarar mama.

Inda zan ɗan ja da ke shi ne batun haƙuri. Wani bincike na Amurka da aka wallafa a 2015 ya gano cewa matan da zafin ke yawan taso musu sukan yi kimanin shekara bakwai suna fama, baƙaƙen fata kuwa kimanin shekara goma. Shekaru masu yawa babu barcin kirki su ma suna da nasu lahani ga hawan jini da aiki da zaman aure. Ga wadda ba za ta iya shan sinadaran ba, akwai magungunan da ba su ɗauke da sinadaran, kamar venlafaxine da gabapentin, waɗanda ke rage zafin ko da ba su kai istirojin ƙarfi ba. Waken suya da awara suna ɗauke da abin da ke kama da istirojin, tasirinsu kaɗan ne, amma abinci ne mai kyau. Akwai kuma rukunin da ba na so su haƙura ko kaɗan, wato matan da al'adarsu ta ɗauke kafin shekara 45, balle kafin 40, ko aka cire musu ma'ajiyar ƙwai a tiyata. Waɗannan ana so su sha maganin har zuwa kusan shekara 51 domin kare ƙashi da zuciya, matuƙar babu abin da ya hana.

Malamar Islamiyya, Kanwuri:

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin kyauta da kika tambaya, domin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba. Neman magani halal ne, kuma hadisi ya inganta cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani. Alƙur'ani ma ya ambaci matan da suka yanke tsammanin haila a aya ta 4 ta Suratuɗ Ɗalaƙ, inda ya sanya iddarsu wata uku, saboda haka wannan mataki sananne ne a shari'a, ba abin ɓoyewa ba ne.

A mazhabar Malikiyya da muke bi, jinin macen da ba ta kai shekara 50 ba haila ne, na wadda ta kai 70 ba haila ba ne, tsakanin 50 da 70 kuwa ana tambayar mata masana, kuma a yau likitocin mata suna cikin waɗanda ake tambaya. Mafi tsawon haila kwana 15 ne, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, mace ta yi wanka ta yi salla. Inda wahalar take shi ne malamanmu sun siffanta haila da jinin da ya fito da kansa daga macen da ke iya ɗaukar ciki a al'adance, kuma sun yi magana mai tsawo a kan jinin da magani ya jawo, ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Ke da ba ki kai 50 ba kuma al'adarki ba ta gama ɗaukewa ba, hukuncinki ba zai zama ɗaya da na 'yar shekara 58 da ƙwaya ce kaɗai ke kawo mata jini ba. Saboda haka ki nemi likita ta bayyana miki ko jikinki na yin nasa zagayen har yanzu, ki ɗauki wannan bayani ki kai wa malamin da kika amince da iliminsa. Kada ki je masa da tambaya a dunƙule.

Azumi ya fi sauƙi. Ƙwaya ana shan ta da dare. Abin da fata ke tsotsa kuwa, kamar man shafawa da filastar magani, da abin da ake sa wa a gaba, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Jidda a 1997 cewa ba ya karya azumi, ko da yake wanda ake sa wa a gaba da dare ake amfani da shi dama, kuma hakan ya fitar da ke daga saɓani. Abin da mata ke mantawa shi ne wankan janaba da na haila, domin filasta tana hana ruwa isa ga fatar da ta rufe, mu kuwa cuɗa jiki duka wajibi ne a wurinmu. Malamai da dama suna ƙiyasta ta da ɗaurin ciwo a yi shafa a kai idan cire ta zai ɓata maganin, amma idan man shafawa zai yi miki aiki iri ɗaya, to ya raba ki da wannan tambaya tun daga tushe.

Mai Harhaɗa Magunguna, Titin Ahmadu Bello:

Malama, Allah ya ba da lafiya. Abokiyar aikinki ba ta yi ƙarya ba, amma magani ɗaya take nufi. Premarin, wanda ya shiga kasuwar Amurka a 1942, daga fitsarin goɗiya mai ciki ake tace sinadarinsa, kuma irinsa aka yi amfani da shi a binciken da Likita ta ambata. Wanda ke cikin filasta da man shafawa da ƙwayoyi da yawa na yanzu shi ne estradiol, wanda ake haɗawa daga tsirrai irin su waken suya da wata doyar daji, kuma ƙirarsa ɗaya da wanda jikin mace ke samarwa. Ki karanta sunan sinadarin a jikin kwali, idan kin ga estradiol to babu ruwansa da doki.

Batun zafi kuwa tambaya ce ta mai hankali. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40, zufa kuma tana ɗaga gefen filasta. Ana manna ta ne a ƙasan cibiya ko a ɗuwawu ko a cinya, ba a kan mama ba ko kusa da shi, a kan fata busasshiya wadda ba a shafa mata mai ko hoda ba, a danne ta da tafin hannu na ɗan lokaci, a kuma sauya wuri a duk lokacin canji. Yawancinsu sau biyu a mako ake canzawa, wasu sau ɗaya. Idan ta faɗi a manna sabuwa, a ci gaba da bin ranar canji ta asali. Ga mai yawan zufa da yawan wanka na fi ganin man shafawa ya dace: a shafa a cinya bayan wanka, a bari ya bushe kafin a sa tufafi, a wanke hannu, kada a wanke wurin sai bayan aƙalla awa ɗaya, kuma kada jikin yaro ya goge shi. Takardar yawancin waɗannan magunguna tana cewa kada a ajiye su inda zafi ya haura digiri 25 ko 30, saboda haka kada a bar su a mota ko a ɗakin kwano mara silin, kuma ki saya a kantin da ke da sanyaya ɗaki, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Abu biyu nake yawan gani a kanti. Wasu mata suna sayen ƙwayar tsarin iyali a madadin wannan magani, alhali istirojin ɗin da ke cikinta ya fi ƙarfi, kuma ba a so mai hawan jini ko wadda ta kai 50 ta sha ta. Sannan filasta da man shafawa ba kullum ake samun su ba, wani lokaci sai an yi oda daga Abuja ko Legas, saboda haka kafin ki fara ki tambayi likita abin da za ki koma kansa idan naki ya yanke, ki kuma riƙa saye tun na hannunki bai ƙare ba.

Malamar Firamare, Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan fara da na bushewar, in yi hoton mama da gwajin hanta kafin in koma kan sauran. Likita, saura tambaya biyu. Ina iya ɗaukar ciki a wannan hali? Kuma muna da niyyar Umra a azumi mai zuwa, ko tafiyar na da wata matsala?

Likitar Mata, Gawon Nama:

Kina iya ɗauka, Malama, ko da yake damar ta yi ƙaranci, domin ƙwai yana iya fita jefi-jefi, kuma wannan magani ba ya hana ɗaukar ciki. Ƙa'idar ita ce wadda al'adarta ta tsaya kafin shekara 50 ta ci gaba da kariya har shekara biyu bayan jinin ƙarshe, wadda ta haura 50 kuwa shekara ɗaya. Ciki a shekara 49 tare da hawan jini yana da haɗari sosai, shi ya sa robar mahaifar da na ambata ta cancanci ki tattauna ta da maigida da likitarki, tunda za ta kare mahaifa, ta hana ciki, ta kuma rage jinin da ke ɗaure miki kai game da salla.

Umra ba ta da matsala, sai dai doguwar zama a jirgi ko a mota tana ƙara haɗarin gudan jini a ƙafa, musamman ga mai shan ƙwaya. Ki riƙa miƙewa kina takawa, ki motsa ƙafafu a zaune, ki sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur. Idan kin yanke shawarar farawa, ki fara aƙalla wata uku kafin tafiyar, domin a ga yadda jikinki ya karɓa a kuma san ranakun da jini ke zuwa. Idan tsarin wata-wata aka ɗora ki a kai, ki gaya wa likita ranar tashinku tun da wuri, ta daidaita kwanakin furojestaron yadda jinin ba zai faɗo a ranakun ɗawafi ba.